Zaɓen Waya da Mahaɗai Domin Na'urorin Awo na Nesa a Filin Allah: Nazari a Kan Gonakin Noman Rani da Tashoshin Ruwa

Tsakure

Wannan maƙala tana duba mas'alar wayar da ke ɗauko saƙo daga na'urar awo da aka kafa a nesa, a gona ko a bakin madatsar ruwa ko a cikin rijiyar burtsatse, zuwa ga akwatin da ke tattara lissafi. Hujjar da ta tsaya a kai ita ce, waya da mahaɗanta wani rukuni ne na ma'aunin kansa, sabili da haka wajibi ne a zaɓe su bisa tartibi: a fara da irin saƙon da za a aika, sa'an nan jikin waya, sa'an nan rigarta, sa'an nan mahaɗi, sa'an nan kariya daga tsawa. An kawo lissafin da ke tabbatar da kowane mataki, aka kuma rufe da shawara ga hukumomi da masu ba da kwangila.

Gabatarwa

 Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam ilimin awo da lissafi, ina neman ku ara mini kunnuwanku a kan wani al'amari da galibi ake raina shi, alhali kuwa shi ne ke rusa ayyuka masu tsada a ƙasarmu.

Duk wanda ya zaga gonakin noman rani na Kadawa da Kura, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, ko filayen Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara, ko kuwa rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana da suka yawaita daga Katsina har Maraɗi da Damagaram, zai ga cewa zamanin dogara ga ido da sanda kaɗai wajen sanin zurfin ruwa da laimar ƙasa yana shuɗewa, na'urorin awo na lantarki, waɗanda ma'aikata ke kira sensa, suna maye gurbinsu. Hukumomin da ke lura da yanayi da koguna, irin su NiMet da NIHSA a Nijeriya, da cibiyar AGRHYMET ta Yamai wadda aka kafa a 1974 a sakamakon babban farin Sahel, aikinsu duka ya rataya ne a kan lissafin da ake tattarowa daga fili. Amma abin da ake yawan gani shi ne, a zauna a yi ta shawara a kan na'urar da za a sayo daga Turai ko Amurka ko Sin, in aka zo kan wayar da za ta ɗauki saƙonta kuwa, sai a aiki yaro kasuwa ya yanko abin da ya samu.

Malaman hadisi sun riga mu gane cewa labari, kome ingancin asalinsa, ba ya wuce darajar mafi raunin mutanen da suka ruwaito shi. To, haka awo yake: na'ura ita ce ta gani da idonta, waya da mahaɗai su ne isnadinta, in kuwa aka sami mai rauni guda a cikin silsilar, lissafin da ya iso kwamfuta ya raunana ke nan. Mafi munin abin shi ne, wayar da ta fara lalacewa ba kasafai take yin shiru ba, sai dai ta ci gaba da kawo adadi wanda ya yi kama da gaskiya, har a saki ruwa ko a tsare shi bisa ƙarya.

Wannan darasi tsoho ne. Wayar tangarahu ta farko da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tekun Atilantika a 1858 ba ta cika wata guda tana aiki ba, domin rigarta ba ta da inganci, aka kuma matsa mata wuta mai ƙarfi har ta mutu. Sai a 1866, bayan an ƙara kaurin jan ƙarfen da na rigar, aka sami wadda ta daɗe. Injinan aika saƙo ba su ne suka gaza ba a wancan karo, wayar ce.

Fasali na Ɗaya: A Fara da Irin Saƙon

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi na'ura tukuna, daga baya a shiga neman wayar da za ta kai saƙonta mita ɗari biyu, alhali kuwa akwai saƙon da babu wayar da za ta kai shi wannan nisa. Misalinsa tsarin I2C, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1982 domin ƙananan sassan da ke zaune kan allo guda su riƙa magana da juna. Kowace waya tana da ɗabi'ar shanye wani abu na caji kafin ta miƙa saƙo gaba, ƙa'idar I2C kuwa ta iyakance wannan ga fikofarad 400, mita guda ta kebul kuma tana cin tsakanin 50 da 100. Ashe ke nan iyakarsa 'yan mitoci ne. Da yawa daga ma'aunan laima da zafi masu araha, waɗanda ɗalibanmu ke haɗawa da allon Arduino, da wannan tsari suke aiki, shi ya sa suke yin daidai a kan tebur, su rikice a gona.

Mu ɗauki kuma ma'aunin zafi na Pt100, wanda turjiyarsa take ohm 100 a digiri sifili na Salshiyas, tana kuma ƙaruwa da ohm 0.385 a kowane digiri. Idan aka kafa shi a nisan mita 100, aka ja masa waya biyu masu kaurin rabin milimita murabba'i, tafiya da dawowa sun zama mita 200, turjiyarsu ohm 7.2, wadda akwatin lissafi zai ɗauka a matsayin zafi, ya ƙara kusan digiri 19 a kan gaskiya. Mai wayo zai ce a ɗebe wannan adadi a cikin lissafi a huta. Ba a huta ba, domin turjiyar jan ƙarfe kanta tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, ta yadda idan zafin jikin wayar ya sauya da digiri 30 tsakanin asubahin hunturu da azahar, kuskuren zai riƙa kai da komo da fiye da digiri 2. Maganin wannan shi ne a ja waya uku, ko ma huɗu, biyu su kai wuta, biyu su auno, ko kuwa a koma ga Pt1000 wanda ke rage kuskuren sau goma.

Hanyar da masana'antu suka daɗe suna amincewa da ita wajen nisa ita ce ta kwararar wuta daga miliamfa 4 zuwa 20, hikimarta kuwa ita ce, wutar da ke gudana a da'ira guda ba ta raguwa a hanya, abin da ya fita daga na'ura shi ne ke isa akwati, muddin dai akwai isasshen ƙarfin tura shi. Idan tushen wuta bolt 24 ne, na'ura tana bukatar 12, turjiyar karatu ta ohm 250 tana cin 5, saura bolt 7 ke nan domin hanya, wayar rabin milimita kuwa a nisan kilomita guda ba ta cin abin da ya kai bolt ɗaya da rabi. Wata fa'idar kuma, da yake ƙasan ma'aunin 4 ne ba sifili ba, duk ran da akwati ya ga sifili ya san waya ce ta tsinke.

Idan kuwa na'urori da yawa ne za su bi layi guda, to ga tsarin RS-485, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1983, yana kai mita 1,200 in an rage saurin aikawa, yana ɗaukar na'urori 32 a ƙa'idarsa ta asali, galibi kuma a kansa ake gudanar da harshen Modbus na 1979. Akwai kuma SDI-12, wanda aka tsara a ƙarshen shekarun 1980 tare da hukumar binciken ƙasa ta Amurka domin tashoshin ruwa masu aiki da batir, yana amfani da waya uku, ƙa'idarsa kuma ta ambaci kimanin mita 60. Wayar intanet ta Ethernet iyakarta mita 100. Abin da ya wuce waɗannan haddodi, ya fi dacewa a kai akwatin lissafi kusa da na'ura, a ba shi ɗan faifan sola da batir, ya aiko da saƙo ta rediyo, kamar tsarin LoRa wanda ke cin kilomitoci a sarari.

Fasali na Biyu: Jikin Waya da Sha'anin Algus

Bayan an tsayar da irin saƙo, sai a duba kauri, wannan kuwa lissafi ne ba ra'ayi ba. Ƙa'idar IEC 60228 ta ba da iyakar turjiyar jan ƙarfe a kowace kilomita: ohm 36 ga rabin milimita murabba'i, 12.1 ga ɗaya da rabi, 7.41 ga biyu da rabi. Wayar saƙo ba ta bukatar kauri mai yawa, amma wayar da ke kai wa na'ura wuta ita ce ke ba da kunya. Na'urar da ke cin rabin amfa a bolt 12, idan aka ajiye ta a nisan mita 200 a kan wayar rabin milimita, bolt 7.2 za su salwanta a hanya, abin da zai isa gare ta bai kai 5 ba. In aka sauya zuwa biyu da rabi, asarar ba ta wuce ɗaya da rabi. Waya mai sili da yawa ta fi mai sili guda jure lanƙwasa da kaɗawar iska, wadda aka shafe silinta da kuza kuma ta fi jure laima, ita ce ta dace da fadama da bakin rijiya.

Sai dai duk wannan lissafi ya ginu ne a kan sharaɗin cewa abin da ke cikin rigar jan ƙarfe ne na haƙiƙa. Kasuwanninmu cike suke da wayar alminiyam wadda aka yi wa shafen jan ƙarfe a bisa, musamman a cikin wayoyin intanet da na kyamara, alminiyam kuwa ba ya ɗaukar wuta sai kimanin kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, ga saurin karyewa, ga saurin rubewa in ruwa ya same shi a wurin haɗi. Akwai kuma wadda aka rubuta mata kauri a jiki aka tauye shi a ciki. Gane su ba ya bukatar ɗakin gwaji. A bakin shago, mai saye ya fere rigar, ya kankare sili guda da wuƙa: in ciki ya fito fari, alminiyam ne. Ya ɗaga naɗin ya ji nauyinsa, domin alminiyam bai kai sulusin nauyin jan ƙarfe ba. Sa'an nan ya ɗora mita a kan bakuna biyu na naɗi mai mita 100, bayan ya ɗebe turjiyar wayoyin mitar kanta: waya ɗaya da rabi ta gaskiya za ta nuna kusan ohm 1.2, abin da ya zarce haka da nisa kuwa, ko dai algus ne ko tauye mudu.

Fasali na Uku: Tufka da Garkuwa

Doguwar waya a sarari tana kwasar duk wata hayaniyar lantarki da ke kewaye da ita, tun daga layin wutar gari mai bugun 50 a daƙiƙa, har zuwa inbatar da ke juya famfon rijiyar sola, wadda ita ce mafi tsananin maƙwabciya ga na'urar awo, domin tana yanka wuta dubban sau a daƙiƙa guda. Magani na farko shi ne tufka, wato a murɗa wayar tafiya da ta dawowa a kan juna, dabarar da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista a 1881 domin layukan tarho. Da yake wayoyin biyu suna sauya wuri a kowane murɗi, hayaniyar da ta shiga ɗaya tana daidaita da wadda ta shiga ɗayar, sai su soke juna. Sharaɗinta shi ne saƙo guda ya bi tagwaye guda, kada a ɗauki waya daga wannan tufka a haɗa ta da ta waccan.

Magani na biyu shi ne garkuwa, wato takardar alminiyam ko ragar jan ƙarfe da ke lulluɓe tagwayen. Ga saƙon awo mai tafiya a hankali, ana ɗaure garkuwa da ƙasa a gefe guda kaɗai, wajen akwatin lissafi, a naɗe ɗaya bakin kada ya taɓa kome. Domin ƙasar da ke nan da wadda ke nisan mita ɗari uku ba lalle ne ƙarfin wutarsu ya zama ɗaya ba, in aka ɗaure gefe biyu sai wuta ta riƙa gudana a cikin garkuwar, mai tsaro ya koma mai ɓarna. Ya kamata kuma a raba wayar saƙo da ta famfo da akalla santimita 30, kada su kwana a bututu guda, in dole ne su haɗu su gitta juna a miƙe. A layin RS-485, na'urori su bi juna a jere, ba a yi rassa ba, a toshe ƙarshen layi biyu da turjiyar ohm 120, a kuma ja waya ta uku ta daidaita ƙasan na'urorin.

Fasali na Huɗu: Riga, Rana da Gara

Wayar cikin gida mai rigar PVC an yi ta ne domin inuwa, iyakar zafin da aka ƙaddara mata kuwa digiri 70. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin inuwa ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, wayar da ke kwance a kan kwano ko a kan yashi tana kusantar wannan iyaka tun ba ta ɗauki wuta ba. Hasken rana kuma yana cinye sinadarin da ke sa robar laushi, ta bushe, ta tsattsage, ruwan farkon damina ya sami ƙofa. Abin da ya dace da sarari shi ne rigar foliyetilin baƙa, wadda aka cuɗa da garin baƙin gawayi kimanin kashi biyu da rabi cikin 100 domin ya tare hasken, ko rigar foliyuretan inda ake yawan ja da gogayya. Baƙin launi kaɗai ba hujja ba ne, sai an ga shaidar jure rana a rubuce a takardar mai ƙira. Hatta 'yan igiyoyin roba da ake ɗaure waya da su, farare ba sa daɗewa a rana, baƙaƙe masu jure haske ko na ƙarfe mara tsatsa su ne na aiki.

Wayar da aka bari a bisa ƙasa kuwa abokan gabanta ba sa ƙirguwa: kofaton shanu, bakin garma, wutar da ake sa wa gona bayan girbi, haƙorin ɓera da gafiya, da hannun masu neman jan ƙarfe su kai wa 'yan gwangwan. Sabili da haka binnewa ta fi, a zurfin kimanin santimita 60, a shimfiɗa yashi ƙasa da bisa, a jera bulo ko jan ƙyalle na gargaɗi a samanta. A ƙarƙashin ƙasa gara ce ke jira, maganinta da na ɓera kuwa waya mai sulken ƙarfe, ko bututu mai kauri da aka toshe bakunansa. Amma kada a ɗauka bututu busasshen wuri ne, domin duk bututun da aka binne ruwa zai shige shi ko ba jima ko ba daɗe, wayar da ke cikinsa dole ta zama mai jure kwana a ruwa, irin wadda aka cika cikinta da man hana ruwa bi. A baƙar ƙasar yankin Tafkin Chadi, wadda Barebari ke kira firgi, da sauran ƙasa mai laka da ke tsattsagewa da rani ta kumbura da damina, a shimfiɗa waya da sassauci da 'yar lanƙwasa, kada a ja ta tsam.

Ma'aunin zurfin ruwa na rijiya yana da nasa hukunci. Galibinsu wayarsu tana ɗauke da siririn bututun iska a ciki, domin na'ura ta san nauyin iskar sama ta ɗebe shi, tunda sauyin miliba guda daidai yake da santimita guda na ruwa. Irin wannan waya ba a karya ta, ba a matse ta, ba a kuma barin bakin bututun ba tare da ƙwayoyin shan laima ba.

Fasali na Biyar: Mahaɗai

A nan ne galibin ɓarna take aukuwa, a nan kuma ya kamata a fi tsayawa. Ƙa'ida ta farko ita ce, mafi alherin haɗi shi ne wanda ba a yi ba. A auna hanya tun da fari, a sayi waya guda mai tsawon da zai kai, ko da za a yi asarar ragowa.

Wanda ya taɓa kwance haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da baƙin salatif, bayan damina guda ta bi ta kansa, ya san abin da ke ciki: gam ya narke ya zama yauƙi, salatif ya saki, silin jan ƙarfe ya yi baƙi, kore-kore ya taru a tsakaninsa kamar gari, in kuma aka ci gaba da fere rigar sai a tarar baƙin ya bi cikin wayar kamu biyu ko uku, domin ruwa yana tafiya a tsakanin sili. Irin wannan haɗi yana aiki da rana in ya bushe, ya rikice da asuba in raɓa ta sauka, a yi ta zargin na'ura alhali ba ta da laifi. Inda haɗi ya zama dole, a matse shi da ƙaramin bututun ƙarfe da filayar matsi ta ainihi, a sa masa robar nan mai tsukewa da zafi wadda ke da gam a cikinta, in kuma za a binne shi a zuba shi cikin kwanson da ake cikawa da ƙaro mai daskarewa. Bakin wayar da za ta shiga ƙarƙashin sukuru a sa masa hular ƙarfe a matse, kada a shafe shi da dalma, domin dalma tana lotsawa a hankali, sukurun ya saki da kansa.

Game da mahaɗan da ake cirewa a mayar, akwai lambar IP ta ƙa'idar IEC 60529, wadda adadinta na farko ke nuna tsaro daga ƙura, na biyu daga ruwa. Shida a farko na nufin ƙura ba ta shiga sam, wannan kuwa wajibi ne a ƙasar da hunturu ke busawa wata uku. IP65 yana jure feshin ruwa, IP67 yana jure nutsewa a zurfin mita guda na minti 30, IP68 kuma yana jure zama a ruwa bisa sharaɗin da mai ƙira ya ambata. Mahaɗan M12 da M8 masu murɗi, waɗanda masana'antu suka saba da su, galibinsu IP67 ne, amma fa sai an haɗa su an ɗaure tam; wanda aka bari a buɗe ba shi da wani tsaro, sai an rufe shi da murfinsa. Kan wayar intanet na roba da ake gani a ofisoshi ba shi da gurbi a sarari. Ga saƙo mai rauni, ƙusoshin mahaɗi masu shafen zinariya sun fi, domin zinariya ba ta tsatsa, sai dai kada a aurar da mai zinariya da mai kuza, kowane jinsi ya tafi da jinsinsa.

Akwatin haɗi ma yana da sirrin da ba kowa ya lura da shi ba, wato yana numfashi. Idan iskar cikinsa ta tashi daga digiri 20 zuwa 65 a rana, matsinta yana ƙaruwa da kimanin kashi 15 cikin 100, ta nemi hanya ta fita. In hadari ya taso ruwa mai sanyi ya sauka a kansa, sai ya zuƙo iska mai laima, ko ma ruwan kansa, ta duk inda ya sami rauni, abin da ya shiga kuma ba ya fita. Saboda haka a sa masa 'yar mashaƙar iska mai tace ruwa, wayoyi su shigo ta ƙasa ta cikin zoben matsi wanda ya dace da kaurinsu, waya guda a zobe guda, a kuma sako kowace waya ta yi ɗan lanƙwaso ƙasa da bakin shiga domin ruwa ya ɗiga a can. Ramin da ba a amfani da shi a toshe, in ba haka ba zanzaro da tururuwa da ƙadangare za su tare. A guji kuma silikon mai warin tsami, domin yana fitar da asid da ke cin jan ƙarfe.

Fasali na Shida: Tsawa

Tsawa guda tana ɗauke da wutar da ta kai kimanin amfa 30,000, ba kuwa sai ta faɗa a kan waya take ɓarna ba. Ya isa ta sauka a kan bishiya ko hasumiyar tanki a kusa, doguwar wayar ta kwashi rabonta ta kai wa na'urorin da ke bakunanta biyu. Kariya tana da hawa biyu: bututun gas mai zubar da babbar wuta zuwa ƙasa, da ƙaramin diyod mai saurin datse abin da ya rage, a sa su a duka bakunan layin, wayarsu ta zuwa ƙasa kuma ta zama gajeriya, mai kauri, miƙaƙƙiya. Duk abin da ke tasha guda a ɗaure shi ga turken ƙasa guda. Ya kamata a tuna cewa turken da ya yi kyau a watan Agusta yana iya zama banza a watan Afrilu in ƙasa ta bushe, a daidai lokacin da hadarin farko ke tasowa, don haka a kafa shi da zurfi, a kuma auna shi da rani. Tsakanin gine-gine biyu masu nisa, wayar gilashi mai aika saƙo da haske ta fi kowace dabara, domin wuta ba ta bin ta.

Fasali na Bakwai: Gwaji da Kwangila

Kafin a mayar da ƙasa cikin rami, a cire na'urori daga layin, a gwada rigar waya da mitar da ke tura bolt 500, a auna turjiyar kowane tagwaye, a rubuta adadin a littafi tare da taswirar inda wayar ta bi da inda kowane haɗi yake, a kuma sa lamba a bakin kowace waya. Wannan littafi shi ne abin da wanda zai zo gyara bayan shekara biyar zai kwatanta da shi. A riƙa zagaya layin sau biyu a shekara, kafin faɗuwar damina da bayan ɗaukewarta, a buɗe akwatuna, a sauya ƙwayoyin shan laima, a duba zobba da turken ƙasa.

Kammalawa

Abin da ya gabata ya nuna cewa ingancin awo na nesa ba ya samuwa da tsadar na'ura kaɗai, sai an zaɓi saƙon da ke jure nisa, da jan ƙarfe na gaskiya mai kaurin da lissafi ya hukunta, da rigar da ke jure rana da gara, da mahaɗai kaɗan waɗanda aka rufe da kyau, da hanyar da tsawa za ta bi ta sauka ƙasa. Kuɗin waɗannan duka ƙanƙane ne in aka gwada shi da kuɗin na'ura da na tonon rami sau biyu, Hausawa kuwa sun ce araha ba ta ado.

Kirana ga hukumomin raya kogunan ƙasa da ma'aikatun ruwa da na gona shi ne, su daina rubuta kalmar waya kurum a takardar kwangila, su ambaci irin ƙarfenta da kaurinta da rigarta da lambar IP ta mahaɗanta, kada kuma su biya kuɗin ƙarshe sai an miƙa musu littafin gwaji. Ga hukumar kula da ingancin kaya ta SON, ta tsananta bincike a kan wayar algus da ke kasuwa. Ga malamanmu na kwalejojin fasaha da jami'o'i kuwa, ku fitar da ɗalibai daga ɗakin gwaji ku kai su gona, kowane ɗalibi ya ja layinsa ya yi haɗinsa da hannunsa, a bar shi damina guda, sa'an nan a auna a ba shi maki.